Ni Na Sha Shayin, Na Ƙara Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Kurmin Mashi ba, kuma ko ni na manta, mutanen layinmu ba za su bari ba. Wata bakwai ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Sau uku ina fara rubuta labarin nan a bayan littafin da nake rubuta awon kwastomomi, sau uku ina yage takardar in cusa ta ƙarƙashin ƙyallaye. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji shida na tsaya, ina tsoron masu ilimi su ga kuskurena su yi dariya. Daga baya na ga ai dariyar an riga an yi ta har an gaji. Sannan akwai cigiyar da nake so in yi, wadda ba za ta yiwu ba sai kun ji abin da ya faru.

Ni tela ne a Unguwar Shanu, ɗinkin maza nake yi. Wanda ya san ni ya san halina. In na kulle shago sai na dawo sau biyu na jijjiga kwaɗon. In na auna mutum ya tafi, sai in kira shi a waya in ce ya dawo, ina shakkar tsawon hannun rigar. (Mai ɗakina tana cewa ko alwala nake yi, butar ce take fara gajiya.)

Yayana ya rasu ya bar ɗa guda, Nura, a hannuna ya tashi. Yaro mai hankali, gyaran wutar lantarki yake yi. Bara ya ga wata yarinya, Bilkisu, jikar wani Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati a Kurmin Mashi. Gidan 'yan boko ne gaba da baya, har kyanwar gidan ina jin ta yi sakandare. Suka daidaita, aka ce manya su fito. Manyan kuwa ni ne.

Sati uku na yi ina shirin maganar da zan yi. Na rubuta ta a takarda, na haddace, na karanta wa keken ɗinki, na karanta wa madubi. Ranar tafiya na ninke takardar na sa a cikin hula don ko-ta-kwana.

"Baffa, don Allah kar ka tsawaita," in ji Nura. "An riga an gama magana ta cikin gida. Ka gaishe su, ka ce mun zo neman iri, shi ke nan."

Wanda zai raka ni shi ne Sabo, abokina tun aji ɗaya, benci ɗaya muka zauna har muka gama. Yanzu hatsi yake sayarwa a Rigasa. Mutum ne mai baki, ba ya jin nauyin kowa, shi ya sa na zaɓe shi. Shi zai taho da goro da alewa a kan mashin ɗinsa, mu haɗu a can bayan La'asar.

To ni da tsoron makara, a masallacin layinsu na yi La'asar ɗin, ana sallamewa ina ƙofar gidan. Aka shigar da ni falo aka ce Alhaji yana fitowa. Can aka shigo da tire aka ajiye kusa da kujerarsa: kofuna, da fulas kore mai zanen fure. Aka fita aka bar ni. Ku riƙe wannan da kyau: na fi minti ashirin ni kaɗai a falon nan, daga ni sai fulas.

A nan sai na mayar da ku baya shekara arba'in da wani abu.

Muna aji huɗu muna da wani malami da muke kira Malam Mai Fulas. Kullum da shayinsa yake zuwa a ɗaure a bayan keke, shayi mai kanumfari da citta, wanda in ya buɗe har na benci na ƙarshe sai ya haɗiyi yawu. Ni ne yaron da ya yarda da shi, saboda ba ni da surutu. Ni nake kwance fulas ɗin in kai kan teburi kafin a shigo daga taron safe. Wata rana na fito gida ban karya ba. Na ce bari in buɗe in shaƙi ƙamshin kawai. Daga shaƙa na tsiyaya murfi ɗaya. Daga ɗaya na ƙara na biyu. Da na leƙa na ga ya yi ƙasa, na ruga randar da ke bayan aji na cike shi.

Lokacin hutun tara Malam ya zuba, ya kurɓa, ya ɓata fuska. Ya yi gyaran murya, ya ɗaga bulala sama, ya ce, "Wa ya ƙara wa shayin nan ruwa?"

Sai Sabo, wanda kowa ya san shi da ci, ya ƙyalƙyale da dariya. Ba a yi wani bincike ba. Shida a tafin dama, shida a tafin hagu. Ina zaune a gefensa da ɗanɗanon kanumfari a bakina, ban ce uffan ba.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun ranar ban sake shan shayi mai kanumfari ba, ina cewa ƙwannafi yake sa ni, har ni kaina na yarda da ƙaryar. Kuma tun da na buɗe shago, kowace Sallah sai na yi wa Sabo ɗinki kyauta. In ya yi godiya in ce ai abota ce. Amma wallahi da wani ya tambaye ni ranar Juma'ar da ta gabaci wannan Asabar, da na ce masa maganar ta daɗe da fita daga kaina.

Mu dawo falo. Alhaji ya fito yana dogara sanda, dogon tsoho mai farin gemu, da 'ya'yansa maza biyu, ɗaya uban yarinyar, ɗaya ƙaninsa. Muna cikin gaisawa Sabo ya yi sallama da kayan goro. Aka sake sabuwar gaisuwa, aka tambayi iyali da kasuwa da zafin gari. Na taɓa hulata na ji takardar tana nan. Na buɗe baki ke nan Alhaji ya ce, "Bari mu jiƙa maƙoshi tukuna, magana ba ta gudu."

Ya murɗe murfin fulas.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙamshin kanumfari ya daki hancina, sai na ji falon yana ja da baya. Ƙirjina ya kama bugawa kamar an taka keken ɗinki ba zare. Tafin hannuna ya jiƙe. Na rantse na ji warin alli, na ji ƙarar kwanon rufin ajinmu in rana ta gasa shi, har ƙusar bencin nan da take kama min wando na ji ta. Ina ce wa kaina: kai, ka nutsu, shekararka hamsin da uku, kana da jika.

Alhaji ya tsiyaya, ya kurɓa, ya ɓata fuska. Ya yi gyaran murya. Ya ɗaga sandarsa sama (daga baya na gane ƙofar cikin gida zai ƙwanƙwasa) ya ce da ƙarfi:

"Wa ya ƙara wa shayin nan ruwa?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai tsinci kaina a tsaye ƙiƙam a tsakiyar kafet, ƙafafu a haɗe, na miƙa tafukan hannuna biyu gaban tsohon nan. Hulata ta faɗi, takardar ta yi gefe. Wata siririyar murya, wadda rabona da ita tun kafin gemu ya fito min, ta fita daga bakina:

"Malam, ni ne! Ni na sha, murfi biyu, na ƙara ruwa! Ba Sabo ba ne!"



Alhaji ya dubi fulas, ya dube ni, ya sake duban fulas, sandar tana sama ya manta bai sauke ba. Ƙanin uban yarinyar ya sunkuya ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Baba, ai kuwa shi kaɗai aka bari a falon."

Sabo ya ce, "To ni kuma me ya kawo sunana? Ni da shigowata ke nan!"

Alhaji mutumin kirki ne. Ya sauke sanda, ya sassauta murya kamar mai lallashin mara lafiya, ya ce, "Malam Tela, ai don ku aka dafa. Da ka zuba a kofi ka sha abinka. Amma ruwan fa, a ina ka samo?"

Da na yi shiru a nan da sauƙi. Sai na ce bari in gyara. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wannan ba. Na shekara arba'in da suka wuce. A randa na ɗebo."

'Ya'yan Alhaji suka dubi juna. Irin kallon nan na san shi, shi ake yi in mutum ya fara magana shi kaɗai a bakin titi. Duk wannan abin hannuwana suna nan a miƙe, sai da Sabo ya fizgo bayan rigata na faɗa kujera. Shi ya yi neman auren, cikin jimla uku. Alhaji ya saurara, ya ce, "Mun ji, mun gode. Za mu yi shawara, za ku ji daga gare mu." Maganar da aka ce an gama ta ta cikin gida. Da za mu fita uban yarinyar ya tsinci takardata ya miƙo min da hannu biyu, bai yarda mun haɗa ido ba.

A kan mashin Sabo ya riƙe dariyarsa har muka fita layin, sannan ya faka a gindin wata bishiya ya kifa kai a kan tanki. Na bari ya gama. Na ce, "Sabo, ka saurare ni, maganar babba ce." Na kwashe komai na gaya masa, murfi biyu, randa, bulala goma sha biyu. Na ce ya yafe min don Allah. Hawaye nake yi sosai, masu wucewa suna kallo.

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Wane shayi?"

"Na Malam Mai Fulas! A aji huɗu!"

"Tela, ni fa kullum ta Allah sai an dake ni a makarantar nan. In ba a dake ni ba har gida ake tambaya ko lafiya. Wacce daga ciki kake nufi?"

Shekara arba'in ina ɗauke da abu, wanda aka daka bai ma san an yi ba.

Amma abin da ya fi ci min rai Nura ne. Bai ɗaga min murya ba, da ma ya yi. Kwana uku bayan nan ya zo shago ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin mashin, ya ce, "Baffa, Bilkisu ta ce suna bincike ko akwai mai taɓin hankali a danginmu." Ya juya ya tafi. Maraya, amanar yayana, abu ɗaya ya taɓa nema a wurina, na je na zubar masa da shi a kan kafet ɗin mutane. Abinci ya daina shiga min. Na yanka shaddar wani bawan Allah hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, abin da ban taɓa yi ba.

A kwana na tara wata Hajiya ta shigo shago da yadi biyar, ta ce na maigidanta ne. Babu maigidan, babu awonsa, babu tsohuwar rigar da za a gwada. Ta zauna a benci tana min hira: yau wace rana ce ma? Ina samun barci kuwa? Nakan ji ana kirana alhali ba kowa? Sai na gane ta, don Nura ya taɓa ce min gwaggon Bilkisu ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Na ajiye almakashi na ce, "Hajiya, in gwaji aka turo ki, bismillah, ba zan ji haushi ba. Amma ki bari in ba ki labarin daga farko."

Na ba ta. Ta yi dariya har tana share ido da bakin mayafi. Sannan ta ce in miƙo mata allin da nake zana yadi da shi. A kan teburin yanka ta zana wani abu kamar rabin kabewa, ta ce ƙwaƙwalwa ce. Can tsakiya, a ƙasa, ta yi wani zagaye.

"Wannan wurin a asibiti limbik muke ce masa," in ji ta. "Nan ake dafa tsoro da murna da fushi da kwaɗayi. Duk abin da yake tura mutum ya nemi abu ko ya guje shi, da hannun wurin nan a ciki. Ka ga nan?" Ta ɗiga wani ɗan tabo. "Bai fi ƙwayar gyaɗa babba ba, guda biyu ne, dama da hagu. Ka ɗauke shi maigadi. Aikinsa in ya hango haɗari ya busa usur, zuciya ta buga, gumi ya karyo, ƙafa ta miƙe. A maƙwabcinsa kuma akwai mai ɗinke abin da ya faru ya zama tunani. In abu ya faru kana cikin firgita, maigadin sai ya ce masa: wannan ka yi masa ɗinki biyu, kar ya warware."

Na ce, "To ai Sabo aka daka, Hajiya, ba ni ba."

"Sabo dariya yake yi, ya saba. Kai ne ka tsorata, kuma ka ji kunya. Naka aka yi wa ɗinki biyu."

Ta ja layi daga hanci zuwa zagayen. Ta ce abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji sukan biya ta wata tasha kafin su iso, amma ƙamshi hanyarsa gajeriya ce, kusan kai tsaye yake faɗawa ɗakin maigadi. Shi ya sa turaren mamaci yake sa mutum kuka kafin ya tuna na wane ne. Ta buga goshinta da yatsa ta ce mai hankalin yana nan gaba, shi ne ya san shekarata hamsin da uku, amma kafin ya sa takalmi ya fito, maigadi ya riga ya tara jama'a.

"Maigadin naka ba mahaukaci ba ne, Malam. Kalanda ce kawai ba shi da ita. Ya ji kanumfari, ya ga sanda a sama, ya ji tambayar nan, ya ce yau ma aji huɗu ne."

Na tambaye ta ko shi ne yake mayar da ni in jijjiga kwaɗo. Ta ce da alama nawa mai ƙwazo ne fiye da kima. Na tambaye ta ɗinkin Sabo na kyauta fa? Ta ce wannan kuma ni na fi ta sani. (Na sani ɗin. Kuma tun da ta tafi nake tunanin ko maigadin ne ya sa da babana ya ce in zaɓa tsakanin sakandare da koyon ɗinki, ban ko bari ya rufe baki ba na ce ɗinki.)

Da ta miƙe za ta tafi ta rage murya ta ce, "Bari in gaya maka wani abu, amma ya tsaya nan. Ni na ce a dinga tsinka wa Baba shayinsa saboda ciwon suga. Wata biyu yana neman mai laifi, ya hana kowa sakat. Tun ranar da ka amsa laifin gidan ya samu lafiya." (Na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, Alhaji ya riga ya gano.)

Bayan kwana biyu aka aiko cewa an ba mu. Nura ya zo da gudu ya rungume ni, yana dariya yana cewa, "Baffa, ranar ɗaurin aure dai Baba Sabo ne zai karɓa, kai ka zauna a baya." Ban yi musu ba. Ranar kuwa, bayan an shafa fatiha, Alhaji ya sa aka kawo min fulas guda ni kaɗai a gaban jama'a, ya ce, "Wannan na Malam Tela ne, kar wanda ya taɓa. In ya ga dama ya ƙara ruwa." Daga nan sunan ya bi ni. Yanzu har masu kawo ɗinki daga Rigasa tambaya suke yi, ina shagon Ƙara-Ruwa? Shi kuwa Sabo, da Sallah ta matso ya zo ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce ya yi tunani sosai, ya fara tuno bulalar nan, ta yi zafi ƙwarai, don haka bana babbar riga yake so mai aiki har baya.

Abin da na koya shi ne, laifin da ka binne ba ruɓewa yake yi ba. Yana nan zaune da haƙurinsa, yana jiran ranar da ka sa shaddarka mafi tsada a gaban surukai. Da na miƙa hannu ina ɗan shekara goma, da bulala goma sha biyu ce, kafin a tashi makaranta ta huce.

Hajiya ta ce maigadin yana koyo in aka bi shi a hankali. Don haka kullum da safe mai ɗakina tana sa min kanumfari ƙwaya ɗaya a shayi, in kurɓa in zauna in ga ba abin da ya faru. Yanzu mun kai ƙwaya uku. Ƙirjin yana bugawa har yanzu, amma ban sake miƙewa tsaye ba.

Saura mutum ɗaya, shi ne dalilin rubutun nan. Sabo ya yafe abin da bai tuna ba, amma shayin ba nasa ba ne. Don Allah duk wanda ya yi firamare a Unguwar Shanu a wancan zamani, ko ya san wani malamin aji huɗu, dogo, baƙi, mai wushirya, da alama mutumin wajen Zariya ne, yana hawan baƙin keke da fulas ɗaure a baya da igiyar roba, ya taimaka min da labarinsa. Sunansa na gaskiya ya ɓace min, abin kunya, ƙamshin shayinsa ne kawai bai ɓace ba. In yana raye ina so in je in durƙusa in gaya masa ya daki wanda bai ci ba. In ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, a nuna min 'ya'yansa. Nemana ba wuya: ku shigo Unguwar Shanu ku tambayi kowa shagon Ƙara-Ruwa. Na sayi sabon fulas na ajiye, kore, ko ledarsa ban cire ba. A cike zan kai shi.